Tsatsa Ba Ta Kashe Harsashi: Ƙarfen Yaƙi a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

A daren Alhamis 25 ga Disamba, 2025, wayewar Juma'a, mutanen Jabo da ke ƙaramar hukumar Tambuwal a jihar Sakkwato sun ji wata ƙara mai firgitarwa, sama ta yi ja, wani abu ya faɗo cikin gonakin bakin gari. Da gari ya waye labari ya bazu cewa Amurka ce ta kai wa 'yan ta'adda hari a jihar. Ministan yaɗa labarai, Mohammed Idris, ya bayyana cewa dajin Bauni da ke ƙaramar hukumar Tangaza aka nufa, abin da ya faɗo a Jabo da kuma garin Offa na jihar Kwara kuwa ɓaraguzan makaman da aka harba ne. Allah Ya kiyaye, ba a rasa rai a Jabo ba.

Abin da ya biyo baya ya fi ɗaga hankalin duk wanda ya san makami. Hotunan da suka karaɗe wayoyi sun nuna manya da yara suna tsintar guntayen ƙarfe a wurin, kafin 'yan sanda masu kwance bam su killace shi, su gargaɗi jama'a. Babu wanda ya yi haka don mugunta. A ƙauye ƙarfe kuɗi ne, ɗan jari bola yana saye, maƙeri yana buƙata, kuma ba a taɓa zaunar da mutane an koya musu wane ƙarfe ake ɗauka, wane ake gudu ba.

Wannan jahilci ya girmi abin da ya faru a Jabo. Kudancin Sakkwato ya shafe mafi yawan ƙarni na 19 yana bakin daga. Rundunar Turawa ta ratsa maƙwabtansa a 1903, an yi wa Satiru ruwan wuta a 1906, yau kuma ga fitinar 'yan bindiga. Kowane zamani ya bar nasa ƙarfen a cikin ƙasa. Wani shaidar tarihi ne da ya cancanci adanawa, wani yana iya hallaka mutum bayan shekara 100, kuma sau da yawa ƙarfe guda ne ke ɗauke da halin nan biyu.

Ƙasar ribaɗi

Tambuwal tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato, ta ratsa Boɗinga da Shagari, ta nufi Jega, kimanin kilomita 100 daga babban birnin jihar. Kebbe tana kudu da ita, a ƙuryar da iyakar Sakkwato ta haɗu da ta jihohin Zamfara da Kebbi. Ƙananan hukumomin biyu mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Ƙasar noma ce da kiwo, gero da dawa da wake a tudu, shinkafa da albasa a fadama. Wanda ya bi ta Dogondaji ko Sanyinna, ko ya gangara Kuchi da Margai ranar kasuwa, buhunan hatsi da dabbobi zai gani, da wuya ya tuna cewa an yi zamanin da mutanen wannan ƙasa ke fita gona da kwari a rataye.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, jama'arsa ta yi nasara a Tafkin Kwatto a watan Yunin shekarar, ta ci Birnin Kabi a 1805, ta kafa sansani a Gwandu. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. Daga baya Shehu ya zauna a Sifawa, inda wajen 1812 ya raba ɗawainiyar ƙasa: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga ƙanensa Abdullahi, arewa ga Aliyu Jeɗo, kudu kuwa ga ɗansa Muhammadu Buhari tare da Abdussalami. Buhari ya zauna a Tambuwal ya riƙe ta ribaɗi. Zuriyarsa ce ke riƙe da sarautun Tambuwal da Dogondaji da Sifawa, kuma daga wannan gida Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki, haifaffen Dogondaji, ya fito, ya yi sarauta daga 1988 zuwa 1996.

Ribaɗi gari ne mai ganuwa da ake kafawa a bakin iyaka, a zaunar da mayaƙa da iyalansu, tare da malami da maƙeri da manomi. Da damina a yi noma, da rani a fita yaƙi ko a tare mahara. Sarkin Musulmi Bello ya mayar da kafa ribaɗi tsarin tsaron daularsa, shi kansa ya zauna a Wurno har ya rasu a can a 1837. Muhimmancin Tambuwal ya ƙaru bayan 1849, lokacin da Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa, Argungu ta zama ƙaya a tsakanin Sakkwato da Gwandu. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya bi daga Sakkwato zuwa Gwandu a 1853, ya tarar da ƙasar cikin zaman ɗar-ɗar. An samu sararawa a zamanin sulhun da ake kira Lafiyar Toga, sannan wuta ta sake tashi, musamman bayan Sama'ila ya hau sarautar Kabi a 1883 ya riƙa ƙona garuruwan iyaka.

Duk wannan yaƙi da baka da kibiya mai dafi aka yi shi, da mashi da takobi, da doki mai lifidi da jarumi mai sulke. Bindiga kaɗan ce. Hugh Clapperton, wanda ya raka rundunar Bello zuwa wani birnin Gobirawa a 1826, ya ƙiyasta mayaƙan da dubu 50 zuwa 60, amma masu bindiga da ya ƙirga kimanin 40 ne kawai. Saboda haka ƙarfen da zamanin ribaɗi ya bari a tsohuwar ganuwa ko kufai shi ne kan kibiya, kan mashi, guntun takobi, linzami, likkafa da kashin maƙera. Babu ɗaya daga cikinsu da ke fashewa. Abin tsoro a kansu shi ne su ɓace ba tare da an san labarinsu ba.

Igwa ta iso a makare

A gaɓar teku labarin daban yake. Tun daga 1482 da Turawan Fotugal suka gina ganuwar Elmina a ƙasar Gana ta yau, Turawa suka jera igwa a bakin ruwa daga tsibirin Gore na Senegal har zuwa Badagiri. Igwar wancan zamani dunƙulen ƙarfe take harbawa, ƙarfe zalla wanda babu albarushi a cikinsa, aikinsa ya fasa katanga ko jirgi da nauyinsa. Irinsa ake yawan tonowa a tsoffin sansanonin soja na Turai da Amurka da bakin tekun Afirka, a wanke a jera a gidan tarihi.

A ƙasashenmu na tudu igwa baƙuwa ce. Dixon Denham ya tarar da ƙanana guda 2 a wurin Shehu Muhammadu al-Kanemi a Kukawa a 1823, har kafintan ayarinsa ya yi musu ƙafafun katako. Sarkin Damagaram Tanimu ya shahara da tara bindigogi da sa maƙeransa su zuba igwa ta tagulla a birninsa. Rabeh ya shigo Borno a 1893 da igwa. Lamiɗo Zubairu na Adamawa yana da guda 2 da Bafaranshe Louis Mizon ya ba shi, ya kuma harba su kan Turawan Ingila da suka afka wa Yola a watan Satumban 1901. Amma rundunar Sakkwato da Gwandu ta ci gaba da dogaro da doki da baka har ƙarshen ƙarni.

Nan ne gaskiyar da ya kamata kowane manomi ya riƙe take. Igwar da aka ji ruguginta sosai a ƙasar Sakkwato ta Turawan Ingila ce, kuma lokacin da ta iso, zamanin dunƙulen ƙarfe ya wuce. Wani hafsan Ingila, Henry Shrapnel, ya ƙirƙiro harsashi mai rami da ake cikawa da ƙananan ƙwallayen dalma da albarushi, ya fashe a sama da kan mayaƙa ya watsa musu. An fara amfani da shi a yaƙi a 1804, shekarar da aka gwabza a Tafkin Kwatto. Kafin ƙarshen ƙarnin, harsashin igwa ya zama dogo mai siffar kwalba, da zoben jan ƙarfe kusa da gindinsa, da makunni a bakinsa. Don haka duk wani ƙarfe mai nauyi mai wannan siffa da aka tono a ƙasar Hausa, a ɗauka yana da wuta a cikinsa har sai ƙwararre ya tabbatar da akasin haka.

Daga Bebeji zuwa Satiru

Kamfanin Royal Niger na George Goldie ne ya fara nuna abin da igwar zamani ke iya yi wa rundunar dawakai, lokacin da ya ci Bida da Ilori a farkon 1897. Ranar 1 ga Janairu, 1900, Frederick Lugard ya shelanta mulkin Ingila kan Arewa a Lokoja. Kontagora ta faɗi a 1901, a 1902 kuma Turawa suka ajiye soja a Argungu da Zariya. Babban makamin rundunarsu, wadda akasarin sojojinta Hausawa ne da Yarbawa a ƙarƙashin hafsoshi Turawa, shi ne bindiga mai ruwa samfurin Maxim, da wata igwa ƙirar Vickers mai faɗin baki milimita 75. Ana kwance ta gunduwa-gunduwa 'yan dako su ɗauka a ka, a haɗa ta cikin ɗan lokaci. Harsashinta ya kusa kilo 6, tana kuma iya jefa shi nisan kimanin kilomita 4.

Ranar 29 ga Janairu, 1903, Kanar Thomas Morland ya bar Zariya ya nufi Kano. A Bebeji harsashin igwa ya fasa ƙofar gari ya kashe sarkin garin da ke bayanta. A Kano, ranar 3 ga Fabrairu, igwar ta yi ta dukan ganuwa ba ta iya huda ta ba saboda kaurinta, sai da aka koma kan Ƙofar Kabuga aka samu shiga. Bayan karon Kwatarkwashi, inda Wazirin Kano Ahmadu ya rasu, rundunar ta bi ta Ƙauran Namoda da Bakura a ƙarƙashin Janar Kemball, ta haɗu da sojojin Argungu a Shagari, maƙwabciyar Tambuwal ta arewa.

Safiyar 15 ga Maris, 1903, sojoji fiye da 700 da igwa 4 da Maxim 4 suka fuskanci Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Ɗaya a filin Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Tare da shi akwai Marafa Muhammadu Maiturare da Sarkin Rabah Ibrahim. Faɗan bai daɗe ba, domin wuta ta tarwatsa dawakai tun kafin su kai ga abokan gaba, sai wasu tsirarun bayin Allah da suka tsaya a gindin tuta har aka kashe su. Attahiru ya yi gabas, jama'a na bin sa, har ya yi shahada a Burmi, a jihar Gombe ta yau, ranar 27 ga Yuli, 1903, tare da mutum fiye da 600. Tutar da Turawa suka ƙwace sai a 1960 aka mayar wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Sunan Giginya yau yana kan barikin soja da filin wasa na Sakkwato.

Shekara uku bayan haka aka yi ta Satiru, wani ƙauye kimanin kilomita 22 kudu da Sakkwato. Ranar 14 ga Fabrairu, 1906, mutanen garin, ƙarƙashin Malam Isa da Ɗan Makaho, suka afka wa sojan doki da aka tura musu, suka kashe Turawa 3, wato Hillary da Scott da Laftanar Blackwood, da sojoji fiye da 20, suka ƙwace Maxim. Makamansu fartanya ne da gatari da baka. Ranar 10 ga Maris Manjo Goodwin ya dawo da sojoji fiye da 500 da Maxim da igwa. An kashe mutum kimanin 2,000, aka rushe garin, aka hana sake zama a wurin. Satiru kufai ce har yau.

Ba kowane harsashi da aka harba ke fashewa ba. Wani makunninsa ya lalace a hanya, wani ya nutse cikin yashi ko laka ko kaurin ganuwa ya yi shiru. Wani ma ba a harba shi ba, ya faɗi daga kan ɗan dako, ko an binne shi a bayan bariki da ya tsufa. Ga filayen atisaye da soja ke gwajin harbi tun zamanin Turawa har zuwa yau. Filin daga da zangon da runduna ta kwana da tsohon bariki, su ne wuraren da irin wannan ƙarfe ke kwanciya, kuma akasarinsu yau gonaki ne ko unguwanni.

Abin da wasu ƙasashe suka gani

Mutane da yawa suna zaton idan ƙarfe ya yi tsatsa ya mutu. Tsatsa bayan ƙarfe take ci. Albarushin da ke kulle a ciki, muddin ruwa bai kai gare shi ba, yana nan da ƙarfinsa, makunnin da ya tsufa kuwa ƙara saurin tashi yake yi. Zafi ko duka ko gugar zarto na iya tayar da abin da ya kwana shekara da shekaru.

A arewacin Faransa da Beljiyam, inda aka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya daga 1914 zuwa 1918, manoma suna tono harsasan igwa a duk shekara lokacin huɗa, har suna kiran abin girbin ƙarfe. Sun saba su bar shi a gefen gona, jami'an kwance bam su zagayo su kwashe, kuma duk da wannan sabo ana samun waɗanda ke rasa rayukansu. A kewayen Verdun, inda aka gwabza a 1916, akwai filayen da har yau ba a yarda a noma ba. A jihar Bajiniya ta Amurka, a 2008, wani mai tattara kayan tarihi wanda ya daɗe yana gyaran irin waɗannan harsasai ya mutu a ƙofar gidansa lokacin da wani na zamanin yaƙin basasar ƙasar ya fashe a hannunsa, bayan fiye da shekara 140 da ƙera shi.

Mu ma a Nijeriya mun ɗanɗana. Ranar 27 ga Janairu, 2002, rumbun makamai na barikin Ikeja a Legas ya kama da wuta, harsasai suka riƙa tashi suna faɗawa unguwanni. Mutum fiye da 1,000 suka mutu, akasarinsu sun nutse ne a magudanar Oke-Afa garin gudu. A 2023, bayan shekara 21, rundunar soja ta ƙaddamar da aikin share ragowar da ba su fashe ba a wurin. A Borno da Yobe da Adamawa, nakiyoyi da ragowar makaman rikicin Boko Haram suna ci gaba da kashe manoma da yara, abin da ya sa hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da nakiyoyi ta kafa ofis a Maiduguri. Yanzu da ake fafatawa da 'yan bindiga a dazukan Zamfara da Sakkwato da Kebbi, ta sama da ta ƙasa, sabon ƙarfe ne ke ƙaruwa a kan tsoho, kuma ƙauyukan Kebbe suna cikin waɗanda wannan fitina ta shafa.

Shaidar da ba ta ɓoye gaskiya

Tsoro kaɗai bai isa ya zama dalilin kula da waɗannan ƙarafa ba. Kusan duk alƙaluman da muke maimaitawa game da Giginya da Burmi da Satiru daga rahotannin hafsoshin da suka yi harbin suka fito. Su suka ƙirga gawa, su suka faɗi nisan da aka tsaya, su suka rubuta dalili. Namu ɓangaren yana cikin rubuce-rubucen malamai da bakin tsofaffi, tsofaffin kuwa suna ƙarewa. Ƙasa ita ce shaida ta uku.

Masanin kimiyyar tona tarihi yana iya karanta abubuwa da yawa a jikin harsashi guda. Faɗinsa yana nuna irin igwar da ta harba shi. Zanen da ke kan zoben jan ƙarfensa yana nuna ko an harba shi ko faɗuwa ya yi. Gindin kwankon harsashi yakan ɗauki tambarin masana'anta, wani lokaci har da shekarar ƙira. Inda kwankunan bindiga suka taru, nan sojoji suka tsaya. Inda ƙwallayen dalma suka warwatsu, nan mutane suka taru aka harbe su. Inda kan kibiya ya faɗi yana nuna iyakar inda namu suka iya kaiwa.

An gwada wannan a Amurka. A 1876 mayaƙan ƙabilun Lakota da Cheyenne suka hallaka rundunar George Custer a Little Bighorn. Shekara fiye da 100 labarin da sojoji suka bayar ne ke yawo. Da gobarar daji ta share ciyawar filin a 1983, masana suka shiga a 1984 da na'urar gano ƙarfe, suka sa wa kowane kwanko da harsashi alama a taswira. Abin da suka gano ya ƙarfafa bayanan da 'yan asalin ƙasar suka daɗe suna bayarwa ba a saurare su ba. Kufan Satiru, wanda ba a sake gina gari a kansa ba, ya cancanci irin wannan bincike. Haka ma layin tsohuwar ganuwar Tambuwal da sauran garuruwan ribaɗi, da Surame, birnin Kanta mai ganuwar dutse da ke cikin jihar Sakkwato.

Sharaɗin wannan ilimi guda ne, a san inda aka samu abu. Kan mashin da aka tsinta aka jefa cikin buhun tarkace ya rasa tarihinsa, ko da daga baya ya isa gidan tarihi. Kuma ƙarfen da ya daɗe a ƙasa, da zarar ya sha iska sai ya fara ɓarewa saboda gishirin da ya shige shi. Kankare shi da wuƙa ko shafa masa fenti ɓata shi ne.

Sikelin ɗan jari bola da wutar maƙera

Ƙarfe yakan fito ne lokacin da garma ta yi huɗa mai zurfi, ko ana haƙar rijiya, ko ana ɗibar ƙasar gini a jikin tsohuwar ganuwa, ko bayan ruwan sama ya yanke kwazazzabo. Wanda ya fara ganinsa galibi yaro ne mai kiwo ko ɗan ƙwadago. Daga hannunsa sai ɗan jari bola, wanda ba ya tambayar asalin kaya, nauyi kawai yake dubawa a sikeli. Daga nan ko dai a loda shi a mota zuwa kamfanonin narka ƙarfe, ko ya faɗa hannun maƙerin gari mai neman abin da zai yi fartanya da lauje.

A maƙera ne hatsarin ya fi muni. Maƙeri zai kama baƙon ƙarfe da awartaki ya tura cikin garwashi, yaro na zuga zugazugi, masu jiran gyaran kayan noma na zaune a kewaye. In ya fito da shi kuma uwar maƙera da masaba ke jiransa. Wuta da duka su ne ainihin abubuwa biyu da tsohon harsashi ke buƙata. Mai walda da ke yanka ƙarfe da wuta ko da injin gurza yana cikin wannan hatsari, haka ma matar da aka kawo mata wani ƙarfe mai nauyi ta sa shi a murhu.

In abu ya faru sai a ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Mun yarda da ƙaddara, amma addininmu bai ce a kai hannu ga halaka ba, kuma rigakafi ya fi magani. A 2023 gwamnan Borno, Babagana Zulum, ya haramta sana'ar tsintar ƙarfe a jiharsa bayan an yi ta rasa rayukan masu shiga daji nemansa. Haramci irin wannan yana taɓa abincin talaka. Abin da ya fi dacewa da Tambuwal da Kebbe shi ne a koya wa masu sana'ar su gane abin da ba a saye, tun da kowane ƙarfe ta hannunsu yake bi.

Abin da ya kamata a yi

Doka tana nan. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana tona wurin tarihi ba da izini ba, ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wanda aka ba izini, ta kuma wajabta kai rahoton abin da aka tsinta. Wuraren ajiya ma akwai su. A Sakkwato akwai Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, a Argungu akwai Gidan Tarihi na Kanta mai ɗauke da makaman Kabawa, a Kano akwai Gidan Makama. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da sashen tarihi, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen kimiyyar tona tarihi. Rundunar 'yan sanda tana da sashen kwance bam, Runduna ta 8 ta sojan ƙasa kuma hedikwatarta tana Sakkwato. Abin da ya rage shi ne hanyar da za ta haɗa manomin Kebbe ko Jabo da waɗannan wurare.

Wannan hanya ta sarakunan gargajiya ce. Mai unguwa da hakimi da uban ƙasa su ne talaka ke iya tunkara ba tare da fargabar a ɗaure shi ba. Idan mutum ya san cewa kai rahoto zai jawo masa tuhuma ko kwana a ofishin 'yan sanda, zai jefa abin a rijiya ko ya sayar a ɓoye. Ya dace majalisar Sarkin Musulmi da gwamnatin jiha da hukumomin tsaro su fito fili su tabbatar wa jama'a cewa wanda ya kawo labari godiya zai samu. Limamai su faɗa a huɗuba, gidan rediyon Rima ya maimaita, malaman firamare da na allo su nuna wa yara hoton abin da ba a taɓawa, a kuma zauna da shugabannin maƙera da masu walda da 'yan jari bola a kowace kasuwa.

Ya kamata kuma ƙananan hukumomin biyu su haɗa kai da jami'o'i a zagaya a rubuta inda tsoffin ganuwoyi da kufai da zangunan yaƙi suke, a ɗauki muryar tsofaffin da suka gaji labarinsu, kafin masu ɗibar ƙasa su cinye sauran. Jami'an kwance bam su riƙa ɗaukar hoto da awo da wurin da aka samu kowane tsohon harsashi kafin su lalata shi, wanda aka tabbatar babu komai a cikinsa kuma a miƙa shi gidan tarihi da sunan garin da ya fito. Ɗan makarantar Tambuwal yana da haƙƙin ya ga kan kibiyar da kakanninsa suka tsare ribaɗi da ita, kusa da harsashin da ya kawo ƙarshen zamaninsu.

Kai kuma mai karatu, in garmarka ta ci karo da baƙon ƙarfe, ko ɗanka ya zo da labarin ya ga wani abu a bakin kwazazzabo, kada ka taɓa shi, kada ka ɗaga shi, kada ka jefe shi, kada ka kai masa wuta. Ka ja da baya, ka sa alama daga nesa, ka hana yara da dabbobi zuwa wurin, ka sanar da mai unguwa da 'yan sanda a ranar. Kuɗin da ɗan jari bola zai ba ka a kansa ba su kai ran mutum ɗaya na gidanka ba.